Dintsi Uku a Tukunyar Wake

Zuwa ga Kuku, a jirgin ruwa
Saura mako goma sha biyu babban hutu

Ɗan goggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da tumbinka. Ya teku, ya zafin kicin? Mu nan lafiya, alhamdu lillahi. Yara suna can wuraren aikinsu, sukan kira in sun tuna suna da uwa. Maigidana Direba yana nan. Tun da ya ajiye tuƙin bas ya tare a kujerar falo, shi da kwalin maganin hawan jininsa, ba inda yake zuwa. Shi ya sa ban kira ka ba, don a gidanmu ko tari ka yi a kicin sai an ce maka sannu daga falo. Amsarka ka aiko ta shagon wanki da guga inda nake aiki, kada ka kuskura ka aiko gida.

Na ce lafiya, amma ba duka ba. Zazzaɓin da ya kwantar da ni wata huɗu da suka wuce ya tafi, sai dai ya tafi da hancina da harshena. Ba na jin ƙamshi, ba na jin wari, ba na jin ɗanɗanon komai. Shayi ruwan zafi ne kawai a bakina. A shago sau biyu ina ƙona kwalar riga, sai abokiyar aikina ce ta yi ihu daga bakin injin. Likita ta ce ƙila ya dawo, ƙila kuma shi ke nan. Ban gaya wa kowa ba. Kai ma don kana tsakiyar ruwa ne, ba wanda za ka kai wa tsegumi sai kifi.

Ga abin da ya kawo ni. Ka san kowace shekara a babban hutu dangin Direba suna taruwa gidan yayarsa, Yaya Babba, a haɗa tebur uku a ci abincin yamma. Ita ke rubuta wa kowa abin da zai kawo, ta manna takardar a ƙofar firij. Shekara ashirin da shida sunana ne a gaban layin koren wake. Kala uku nake kaiwa: mai soyayyar albasa, mai tafarnuwa da lemun tsami, da mai tumatir mai laushi don tsofaffin da haƙora suka gudu suka bari. Lokacin da na shiga dangin nan ba wanda ya ɗaga kai ya dube ni. Waken nan ne ya samar min kujera a teburinsu.

To, watan jiya na kai wa Yaya Babba abinci, ta ci cokali ɗaya ta ajiye. Shekaranjiya sai ga ta da sanyin murya: "Bana ki huta mana, kin sha jinya. Amaryar ɗana za ta yi waken, akwai na gwangwani, buɗewa kawai za a yi." Na gwangwani! Wanda launinsa kamar tsohuwar safa. Na ce na gode, amma ban mutu ba tukuna. Ta ce to, za ta bar layin ba suna har a ga yadda jikina ya yi.

Na san irin hutun nan. Bana ki huta, baɗi a ce ki kawo kofuna, shekara ta uku a zaunar da ke bakin ƙofa da faranti a cinya ana yi miki sannu. Ba zan yarda ba. Kai ne kake ciyar da ƙarti talatin a kan ruwa, kuma ka taɓa ce min in teku ta yi fushi kana girki ba ka iya kai cokali baki. Ka koya min yadda ake girki ba harshe. Kada ka cika min takarda da jaje, ba shi na aiko nema ba.

Taubashiyarka

*

Zuwa ga 'yar kawuna, a shagon wanki da guga
Saura mako tara

Uwar Wake,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni a tashar da muka tsaya sauke kaya, wakilin kamfani ya miƙo min ita tare da buhunan albasa. Lafiyata ƙalau, sai gwiwa da ke tuna min shekaruna duk sanda na sauka ɗakin sanyi. Tumbin yana nan, yana gaida ki. Kin ce ba jaje, to ba jaje. Amma na karanta na zauna kan buhun dankali na daɗe ban tashi ba, wannan kam ba ki isa ki hana ni ba.

Ga karatu. Mai girki yana da ido da kunne da yatsu da haƙori, duk suna nan tare da ke. Tun daga kasuwa ki ɗauki wake ɗaya ki karya kusa da kunnenki. In ya ce ƙas, ki saya. In ya lanƙwashe yana ba ki haƙuri, ki bar wa mai shi kayansa. Ki tsinke kan, ki ja zaren gefe in yana da shi, jelar kuwa ki bar ta.

Gishiri shi ne abin tsoronki, to ki daina barbaɗa shi a kan wake. Sau ɗaya za ki zuba, a ruwa. Ki cika tukunya, ki bari ta tafasa har tana tsalle, ki zuba gishiri dintsi uku. Na san hannunki zai ƙi, za ki ce Kuku ya haukace. Kada ki saurare shi. Duk wanda na koya wa sai ya ce ya yi yawa, alhali mafi yawansa a ruwan yake zama a zubar. Ki zuba wake, kada ki rufe, murfi ke kashe masa launi. Bayan minti huɗu ki ciro ɗaya ki ciza. In yana ƙara a haƙori, da saura. In ya ba da kai amma bai narke ba, ya yi. Ki kwashe ki jefa a ruwan ƙanƙara, ki tsane a gwagwa, ki shanya a kan tawul ya bushe, don jiƙaƙƙen wake ba ya soyuwa.

Kafin ki zubar da ruwan tafasar ki ɗebi kofi guda ki ajiye. Da shi za ki ƙarasa kowane kala: ludayi ɗaya a kasko, ya ƙafe ya bar gishirinsa a jikin waken. Kin ga ba ruwanki da ɗanɗanawa.

Albasa da kunne ake soya ta. Tana shiga mai za ta yi ta surutu kamar Yaya Babba. In ta fara rage murya ki tsaya a kanta, tana yin launin zuma ki kwashe. Tafarnuwa, tunda ba za ki ji ƙamshinta ba, ki ƙirga talatin a mai mai ɗumi ki watsa wake a kai. Lemun tsami sai an sauke ana shirin kai tebur, in ba haka ba koren ya koma safar nan taki. Mai tumatir ba abin da zan koya miki, ƙaramar wuta ce har cokali ya iya yanka shi.

Ma'auninki kuma yana zaune a falo. Ki ba Direba, ki dubi fuskarsa da farantinsa. Ni da za ki ji tawa da kin gaya masa gaskiya, amma yaushe kika taɓa jin tawa? Gobe za mu tashi.

Taubashinki, Kuku

*

Zuwa ga Kuku
Saura mako takwas

Ɗan goggo,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi, ya bar mana kai. Mu lafiya lau.

Ya yi! Ranar Asabar na je kasuwa ina karya wake a kunne, mai kayan miya yana kallona yana zaton zazzaɓin ya taɓa min kai. Na dawo na ɗauko tukunyata mai hannu ɗaya wadda na saba, mai cin jug biyu na ruwa. Da na ɗebo dintsi na farko hannuna ya tsaya cak. Shekara talatin ina girki ban taɓa zuba ko rabin wannan ba. Sai na tuna ka ce zai ƙi, na kuma tuna wannan hannun ne ya sa Yaya Babba ta ajiye cokali. Na rufe ido na zuba uku cif, na yi ta juyawa har ya narke.

Launin kuwa ban taɓa fitar da kore irinsa ba. Albasa ta rage murya daidai inda ka ce. Na zuba ludayin ruwan ya ƙafe, har wani fari-fari ya fito a gefen kasko, na ce to ga aikin gwanaye.

Na kai wa Direba. Ya yi loma ɗaya, ya ɗan tsaya, ya dube ni. Sai ya ce, "Ya yi daɗi." Ya cinye tas, ya bi da ruwa jug guda saboda zafin da ake yi. Na koma kicin na jingina da firij na yi kuka, kukan daɗi, na farko tun da na tashi daga jinya.

Yanzu na tsara. Talata mai albasa, Alhamis mai tafarnuwa, Asabar mai tumatir, har ranar hutu, don hannuna ya haddace. Ni ɗaya tak nake cizawa in ji laushinsa, sauran duk nasa ne.

Batun in gaya masa kuwa, a'a. Mutumin nan yana ji zai karɓe min ludayi ya ce in zauna, gobe Yaya Babba ta ji, jibi dangi duka. Na fi son a yi min dariya da a ji tausayina. Na je na ce mata ta rubuta sunana, ta ce ba gaggawa. Na sha kunu na fito. Za ta rubuta.

Taubashiyarka

*

Zuwa ga Kuku
Saura mako huɗu

Ina gaisuwa, in har kana da rai. Wata guda ke nan ba ko layi ɗaya. Kullum sai na tambayi mai shago ko an kawo takarda, har ya fara yi min kallon mai saurayi a ɓoye. In na gundure ka da zancen wake ne, ka faɗa. Na san a wurinka abin dariya ne, tsohuwa ta tayar da hankalinta kan kwano uku. Na sake karanta inda ka ce yaushe na taɓa jin taka, na gane fushi ka yi don ban gaya masa ba. Ka yi fushinka, amma ka rubuto.

Ni lafiya, harshe dai shiru. Direba ne ba ya jin daɗi. Mako biyu ke nan ƙafafunsa suna kumbura, takalminsa na fita ba ya shiga. Ranar Alhamis ya tashi zai kashe talabijin jiri ya ɗebe shi, sai da ya dafa bango. Muka je asibiti. Likita ta auna jininsa, ta kwance abin awon ta sake ɗaurawa don ba ta yarda ba. Ta tambaya ko ya daina shan magani, ya ce a'a. Ta ce gishiri fa? Ya ce, "Matata ba ta da hannun gishiri, likita." Na ji daɗi har na ɗan gyara zama. An ƙara masa ƙwaya, an ce mu koma bayan mako biyu.

Na ce masa ko in dakata da waken nan tunda jikinsa ba daɗi. Ya ce, "Ki ci gaba, ganye ai lafiya ne. Tun da kika fara kin daina kwanciyar rana." Ina nan ina yi, ban tsallake ko rana ɗaya ba.

Yaya Babba ta aiko cewa amarya ta riga ta sayo gwangwani shida, ko da za a buƙata. Ta sayo sittin ma.

Taubashiyarka, in ka tuna da ita

*

Zuwa ga 'yar kawuna
An rubuta saura mako shida

Uwar Wake,

Gaisuwa a taƙaice, lafiyata ƙalau. Ki karanta wannan kafin ki ƙara kunna wuta.

Kada ki sake zuba dintsi uku a tukunyar nan. Laifina ne. Da na ce tukunya, tawa nake gani a gabana, mai cin bokiti biyu na ruwa, wadda sai mutum biyu ke sauke ta. Shekara goma sha tara ban dafa wa ƙasa da mutum talatin ba, na manta akwai tukunya mai hannu ɗaya a duniya. A taki ta jug biyu, babban cokali biyu ne, a shafe. Fari-farin da kika gani a gefen kasko gishiri ne ya sake daskarewa.

Ban yarda da kaina ba sai da na gwada. Na nemo ƙaramar tukunya na yi yadda kika faɗa, na ba wani ma'aikacin injin da ba ya mayar da komai, har ƙanzo yake roƙa. Ya tofar, ya tambaye ni me ya yi min.

Yanzu ki zauna ki ji sauran. Ba ɗan Adam da zai ci wannan bai gane ba. Ko dai harshen Direba ma ya mutu, ko kuma ya sani yana rufa miki asiri. Ni na fi zaton ya sani. Kuma ke kika ce min yana da hawan jini. Sau uku a mako! Tun da na karanta hankalina ba ya jikina, yau har shinkafa na ƙona, kyaftin ya leƙo yana tambaya ko gobara ce.

Na so in kira ki ko da Direba zai ji, amma ba a bar mu mun shiga tasha ba. Muna tsaye nesa da gaɓa muna jiran layi, waya ba ta kamawa. Na roƙi kyaftin wayar jirgi, ya ce ta haɗari ce, ba ta gishiri ba. Mai kwalekwalen da ke kawo mana kayan miya shi ya kawo takardarki, shi zan ba wannan. Allah ya sa ya kai ta gidan waya, kada ta kwana a aljihunsa. Ki kai Direba a auna shi, don Allah, yau ɗin nan.

Kuku

*

Zuwa ga Kuku
Saura mako uku

Ɗan goggo,

Muna lafiya, da sauƙi. Takardarka jiya ta iso, duk ta yamutse da tabon mai, mako uku bayan ka rubuta ta. Ta yi saɓani da tawa wadda na zage ka a ciki. Zagin ka riƙe, ka cancance shi ta wata hanyar.

A bakin teburin guga na karanta. Ban san na bar dutsen guga kan zanin gadon mutane ba sai da na ga hayaƙi. Na ɗauki jakata na fito ba sallama. A bas na ƙirga, faranti goma sha biyar. Da hannuna na kai wa Direba, ina tsaye ina murmushi ina jira ya yaba. Na tuna likita tana tambaya ni ina gyara zama.

Na same shi a kujerarsa, ƙafafu a kan matashi. Ko mayafi ban cire ba na ce, "Tun yaushe ka sani?"

Bai ce me ba. Ya rage sautin talabijin ya ce, "Tun ranar da madara ta lalace kika zuba a shayi kika shanye. Ni daga falo na jiyo warinta."

"Wata biyar ke nan fa! Ka zuba min ido?"

"Ke ma ai kin zuba min."

Na ce, "To gishirin fa? Kashe kanka za ka yi a kan wake? So kake a ce ni na kashe ka da ludayi?"

Ya murza gwiwa. Can ya ce, "Da kika tashi daga jinya wata huɗu kina shiga kicin kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Ranar da kika kawo waken nan waƙa kike yi. Na ce in na buɗe baki waƙar ta tafi. Na ɗauka hannun zai sauka da kansa. Kullum sai in ce bari sai na gaba."

Na yi masa tatas. Na ce shekara talatin da ɗaya duk abin da na ajiye masa ya yi daɗi, ashe ban san ranar gaskiya da ranar ƙarya ba. Na ce ni ma'auni nake nema, shi kuma ya zama sikelin da kome aka ɗora masa sai ya nuna daidai. Ya ce, "Haka ne." Wannan haka ne ɗin ya fi komai ƙona min rai. Na zauna a ƙasa kusa da kumburarrun ƙafafun nan na yi kukan da ba na daɗi ba.

Yau da safe muka koma asibiti, ba mu jira ranar da aka ba mu ba. Ni na faɗa wa likita da bakina, duka. Ta cire tabarau ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce yara ma sun fi mu hankali. Ta ce jinin zai sauka in an kiyaye.

Shi ya ce in haƙura da bana, a bar wa amarya. Na ce ko kusa, sai dai a sake tsari. Cokali biyu a shafe kamar yadda ka gyara, ludayin ruwan kuma na rage shi rabi. Na jawo kujera na ajiye bakin ƙofar kicin, nan ne sabon wurin aikinsa. Wake ɗaya tak zai ciza a kowane kala ya faɗi gaskiya. Farantinsa daban, ba gishiri ko ƙwaya ɗaya. Na ce masa ranar da ya ƙara yi min ƙarya, gwangwanin amarya zai ci har ƙarshen rayuwarsa.

Kai kuma na yafe maka, don ka ƙona shinkafa.

Taubashiyarka

*

Zuwa ga 'yar kawuna
Saura kwana goma sha biyu

Uwar Wake,

Ina gaida ku duka biyun. Lafiyata lau, mun samu shiga tasha. Takardunki biyu tare suka zo, ta zagi da ta yafiya, na fara da ta zagi don na san tawa ce. Da na kai inda ƙafafun suka kumbura sai da na ajiye na fita na sha iska. Ki ce wa Direba na ce mahaukaci ne, kuma ban taɓa ganin miji irinsa ba.

Ban taɓa raina kwanonki uku ba. Sau ɗaya na ci, shekarar da jirginmu ya lalace na sauka wurinku, har yau in na ga koren wake a ɗakin sanyi ke nake tunawa.

Ranar taron, ki tafasa waken tun da safe ki naɗe a tawul ki tafi da shi a haka. Ruwan tafasar a kwalba, soyayyar albasa a wata kwalbar daban don kada ta yi laushi. Ƙarasawa a kicin ɗin Yaya Babba, minti goma kafin a zauna. Wannan da tukunyar mutane irin taki na gwada. Ki gaya wa dangi ko kada ki gaya musu, naki ne, na daina ba da shawarar da ban gwada ba.

Kuku

*

Zuwa ga Kuku
Kwana biyu bayan hutu

Ɗan goggona,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwa ta lafa. Jinin Direba ya sauka, takalminsa ya shiga, da shi ya je. Harshena dai yana nan yadda ka sani.

Mun isa gidan Yaya Babba da ƙunshin tawul uku da kwalabe biyu. Layin wake a ƙofar firij yana nan ba suna, gwangwani shida a jere kan kantar kicin. Amarya tana ganin ƙunshin ta ce, "Alhamdu lillahi, Umma, wallahi tsoron waken nan nake yi," ta matsa min gaban murhu. Yarinyar kirki ce, na janye hararar da na yi mata wata uku.

Direba ya ɗauko kujera ya dasa bakin ƙofar kicin. Maza suna falo suna kiransa, Yaya Babba ta ce, "Kai kuma me kake yi nan cikin mata?" Ya ce, "Aiki nake, Yaya."

Mai albasa ya ciza ya ɗaga kai, ya wuce. Ina kan mai tafarnuwa ya ce, "Na tumatir ya fara kamawa, ki sauke, kada ki kankare ƙasan." Hancinsa ya cece ni. Sai na miƙa masa mai tafarnuwa. Ya yi ta taunawa, ya dubi ƙasa, ya dubi silin, har gumi ya tsattsafo masa. Sannan ya ce da ƙyar, "Ya yi lami."

Kuku, ban san sanda ludayi ya ɗaga sama ba. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba, ga shi a kicin ɗin yayarsa, gaban amarya. Na haɗiye, na ƙara rabin ludayin ruwan. Ya sake cizawa ya ce, "Saura kaɗan. Lemun ma bai fito ba." Na ƙara. Na uku yana cizawa ya ɗauki kwanon da kansa ya kai tebur.

Yaya Babba ta ɗiba ta ci. Ina kallon cokalinta, bai sauka ba. Ta ƙara ɗiba ta ce, "Kai, madalla, hannun ya dawo." Da na yi shiru da shi ke nan, na ci. Amma na dubi Direba yana cin nasa lami ba gishiri, sai na ji na gaji da ɓoyo. Na ce, "Hannun bai je ko'ina ba, Yaya. Harshen ne ya tafi, wata bakwai, bai dawo ba. Ga harshena nan zaune kusa da ke."

Tebur uku suka juyo suna kallona. Daga can ƙarshe wata ta fara, "Ayya, sannu…" Na ce duk wanda ya yi min sannu ba ƙari. Aka fashe da dariya, tsofaffi suka miƙo faranti. Yaya Babba ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta ɗauki biro ta je ƙofar firij ta rubuta sunana a layin, ta ƙara na ƙanenta a gefe. Ta dawo ta ce, "Baɗi ma haka." Gwangwanin kuwa amarya ta mayar da su jaka.

Ba zan ɓoye maka ba, abin yana min ciwo. Na zauna ina tauna ina kallon fuskokin mutane, har yau ban san me na dafa ba, ƙila kuma ba zan ƙara sani ba. Amma kujerata tana nan inda take.

A hanyar gida muna cikin bas, kwanuka uku wayam a cinyata, Direba ya ce, "Ya yi daɗi." Na yarda da shi, don sau biyu ya mayar da ni kan kasko kafin ya faɗa.

In jirginku ya sake lalacewa ka zo, amma kada ka taɓa min gishiri.

Taubashiyarka